Da Na Sani Ƙeya Ce: Raddi Ga Masu Kukan Tsofaffin Motocin Amurka

 Na san wani zai buɗe wannan shafi ya ce, me ya haɗa kifi da kaska, ina ruwan ɗalibin Hausa da motocin Amurka? To, a yi mini haƙuri a bi ni sannu, domin gardama ce ta kawo ni, kuma gardamar a ɗakin kwananmu aka fara ta.

Ran nan da dare, bayan mun dawo daga karatu, wani abokina ya nuna mana a wayarsa yadda aka yi gwanjon wata tsohuwar mota a Amurka. Koriya ce, fentinta duk ya koɗe, ga tsatsa, ga lotsewa. Da a bakin titinmu take, sai 'yan jari-bola su fara kewaya ta. Amma aka yi ta tayi har ta tashi a kan dala miliyan 3.74. Daga nan ya shiga nuna mana tsofaffin Amurkawa masu furfura suna ba da labarin irin tasu asarar: wannan ya taɓa mallakar irinta ya sayar a kan 'yan ɗaruruwan daloli, wancan ya yi musayar tasa da wata 'yar ƙaramar motar Japan. Kowa sai cizon yatsa yake yi. Nan take 'yan ɗakinmu suka yanke hukunci cewa mutanen nan sakarkaru ne, arziki ya zo har ƙofarsu suka kore shi da tsintsiya.

Ni kuwa na ce ban yarda ba, kuma har gobe ban yarda ba. A ganina masu kukan nan suna zaluntar kansu, masu yi musu dariya kuma suna zaluntarsu, domin duka biyun suna ɗaukar sanin yau su yi wa mutumin jiya shari'a da shi. Wannan ce magana ɗaya tak da nake son in kare.

Kafin mu yi nisa, ya kamata a san wace irin mota ake magana a kanta. Amurkawa suna kiran ire-irenta da wani suna da ma'anarsa take mota mai ƙwanji. Dabarar ƙera ta ba ta da wuya: a ɗauki gangar jikin mota matsakaiciya mai ƙofa biyu, a cusa mata ƙaton inji mai fulogi takwas irin na manyan motoci, sa'an nan a sayar da ita a farashin da saurayi ma'aikaci zai iya saye. Galibi akan ce yayin ya fara ne a 1964 da motar Pontiac GTO, wadda aka sayar da guda 32,450 a wannan shekara, kuma a 1966 adadin ya kai 96,946. Ganin haka sai sauran kamfanoni suka shigo fage. Aka yi Dodge Charger, da Plymouth Road Runner, da Chevrolet Chevelle SS, ga kuma ƙannensu irin su Ford Mustang da Plymouth Barracuda. Injin Chrysler da ake kira Hemi lita 7 ne, mai ƙarfin doki 425, na Chevelle ta 1970 kuwa ya kai 450. Wanda ya kalli fim ɗin Fast and Furious na 2001 ya ga baƙar Charger ta 1970, mai gurnani kamar zaki. To, ita da danginta ke nan.

Masu sayensu fa su wane ne? Samari ne da aka haifa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ma'aikatan masana'antu, da kanikawa, da sojojin da suka dawo daga fagen daga. Mota ce ta hawa, ta tsere a kan titi da daddare, ta burge 'yammata. Ba wanda ya saye ta don ya lulluɓe ya ajiye wa jikoki.

Yayin bai kai shekara goma ba ya mutu, kuma ba wautar kowa ce ta kashe shi ba. Da fari kamfanonin inshora ne suka lura samarin nan suna yawan haɗari, sai suka lafta wa irin waɗannan motoci kuɗi mai nauyi. Sa'an nan a 1970 aka yi dokar tsabtace iska, wadda ta tilasta wa kamfanoni rage hayaƙi, ƙarfin injuna ya fara ja da baya. Bayan 1971 ba a ƙara saka injin Hemi ɗin nan a motar titi ba. Babban bugu kuwa ya zo a watan Oktoba na 1973, sa'ad da ƙasashen Larabawa masu man fetur suka hana sayar wa Amurka mai saboda goyon bayan da ta ba Isra'ila a yaƙin wannan wata. Gangar ɗanyen mai ta tashi daga kimanin dala 3 zuwa kusan dala 12. Gidajen mai suka cika da dogayen layuka, wasu jihohi suka raba ranakun shan mai bisa ga lambar mota, a Janairun 1974 kuma gwamnati ta ƙayyade gudu a kan mil 55 a awa. To, ina amfanin motar tsere a ƙasar da aka hana gudu, motar da galan guda ba ya kai ta fiye da mil goma ko kusa da haka? A 1974 aka daina ƙera Barracuda da Challenger, yayin GTO na farko ma a nan ya tsaya. A 1979 kuma juyin juya halin Iran ya sake tayar da farashin mai.

Abin mamaki, man da ya talauta samarin Amurka shi ne ya cika aljihun gwamnatinmu. A daidai lokacin da suke neman mai sayen motocinsu ko nawa ne, a nan ana rabon kuɗin Udoji, ma'aikata suna sayen babura da rediyo, ana buɗe masana'antar Peugeot a Kaduna a 1975. Amma mu ma ranarmu ta zo. Duk wanda ke cikinmu ya ga abin da ya faru bayan 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500. Mutum nawa muka sani da suka jingine manyan motocinsu suka koma babur, ko suka sayar da su a wulaƙance? Akwai wanda ya kira su sakarkaru? Ba cewa muka yi sun yi dabara ba? To, abin da saurayin Amurka ya yi ke nan a 1974, ba ƙari ba ragi.

Hujjata ta farko ita ce, a wancan lokaci babu wanda ya sani, har da waɗanda sanin ya kamata ya zama sana'arsu. Alal misali, a 1970 kamfanin Plymouth ya ƙera wata mota mai dogon hanci da ƙaton fiffike a baya, ana kiranta Superbird, guda dubu biyu ma ba su cika ba. An yi ta ne don ta cika sharaɗin shiga gasar tsere. Mutane suka ga muninta suka ƙi saye, wasu suka daɗe a wurin dillalai ba mai tayawa. A 2022 an sayar da ɗaya daga cikinsu mai injin Hemi a kan dala miliyan 1.65. Idan dillalin da ya ƙare rayuwarsa a cinikin mota yana Allah-Allah ya rabu da ita, in kamfanin da ya ƙera ta bai ɓoye ɗari a sito ba, don me za a ce sai ɗan shekara 23 mai mata da jariri ne ya kamata ya hango abin da zai faru bayan shekara hamsin? Duba ake son ya yi, ko bugun ƙasa?

Hujja ta biyu ta fi wannan ƙarfi, kuma ita ce masu kukan ba su son ji. Tsadar da motocin nan suka yi, sayarwar da aka yi musu ce ta haife ta. Da duk wanda ya sayi GTO a 1966 ya kulle tasa a gareji, da yau akwai kusan dubu 97 a jere, kuma da ba wanda zai yi tayin kirki. Abin da ya ba su daraja shi ne ƙarewa. An yi ta tsere da su har suka ragargaje. Gishirin da ake zubawa a titunan arewacin Amurka don narkar da ƙanƙara ya cinye ƙasan dubbai da tsatsa. Wasu an kai su injin matse ƙarfe. Wani wasan talabijin guda ɗaya mai suna The Dukes of Hazzard, wanda aka yi daga 1979 zuwa 1985, ya farfasa ɗaruruwan motocin Charger wajen tsalle-tsalle. Watau mai cewa da kowa ya sani da kowa ya ajiye, bai lura ba cewa da kowa ya ajiye, da babu abin da za a sani. Kamar hatsi ne. In kowane manomi ya ɓoye nasa yana jiran bazara, ranar da aka buɗe rumbuna gaba ɗaya sai farashi ya faɗi warwas.

Sa'an nan su wa suka tayar da farashin? Su ne dai samarin nan na jiya. Da suka kai shekara hamsin da sittin, 'ya'ya sun girma, bashin gida ya ƙare, aljihu ya yi nauyi, sai kowa ya tuna motar ƙuruciyarsa, suka fito neman abu guda a lokaci guda. Da gidajen talabijin suka fara nuna gwanjon kai tsaye daga jihar Arizona, sai wutar ta ƙara ruruwa. Ashe kuwa kewar da suke yi ita ce ke ƙara tsadar, tsadar kuma ita ce ke ƙara musu kuka. Maciji ne ya kama wutsiyarsa yana haɗiya.

Hujja ta uku lissafi ce. Miliyoyin da ake ambata na motoci 'yan ƙalilan ne. Motar Plymouth Hemi 'Cuda ta 1971 mai buɗaɗɗen kai, wadda aka sayar dala miliyan 3.5 a birnin Seattle a 2014, duk duniya ba a ƙera irinta fiye da goma sha biyu ba. Koriyar nan ta wayar abokina kuwa, tsadarta daga fim ta samo ta. Galibin masu kukan, motar da suka sayar gama-gari ce, mai ƙaramin inji, wadda ta sha tafiya ta sha duka. Irinta ko an gyara ta tsaf dubban daloli take yi, ba miliyoyi ba, kuma sau da yawa kuɗin gyaran yakan zarce kuɗin motar. Masu saye kuma suna da tsanani: sai sun duba ko lambar inji ta dace da lambar jikin mota, ko takardun asali suna nan. Wanda ya taɓa sauya inji a 1972 ya riga ya zubar da kaso mai yawa na darajar tun bai sayar ba. Amma ɗan Adam, in ya ga wata ta yi miliyan uku, sai ya ce ai irin tawa ce sak.

Mu ƙaddara mutum ya sayar da tasa dala 1,000 a 1974. A kunnen yau kuɗin ba su da yawa, amma a shekarar nan mafi ƙarancin albashi a Amurka dala 2 ne a awa, watau ya karɓi ladan aikin awa 500, wajen wata uku ke nan na gumin lebura. In aka bi hauhawar farashi, dubu ɗayan nan ta fi dubu shida ta 2024. Mu kuma ƙaddara ya ƙi sayarwa, ya kama hayar wurin ajiya a kan dala 50 kacal a wata. A shekara 40 ya biya dala 24,000, ba a sa inshora ba, ba a sa tayoyin da za su ruɓe ba, ko ɓerayen da za su cinye wayoyi. Mota ba zinariya ba ce da za a ƙulle a tsumma a tura ƙarƙashin gado. Dabba ce, ko tana tsaye sai ta ci. Masu da-na-sani sukan lissafa ribar da ta wuce su, amma ban taɓa jin wanda ya lissafa wahalar da ta wuce shi ba.

Yanzu bari mu koma ga koriyar motar, domin labarinta kaɗai ya isa hujja. Ford Mustang ce ta 1968, wadda Steve McQueen ya tuƙa a titunan San Francisco cikin fim ɗin Bullitt. A 1974 wani magidanci daga jihar New Jersey ya ga tallanta a mujalla ya saye ta a kan 'yan dubban daloli. A 1977 shi McQueen da kansa ya rubuto yana neman a sayar masa, mutumin ya ƙi. Matarsa ta yi ta zuwa aikin koyarwa da ita, har kulocinta ya lalace a 1980, aka tura ta gareji. Ga mutumin da ya yi abin da masu kuka suke fatan da sun yi, ya riƙe gam. To, me ya samu? Ya rasu a 2014, an yi gwanjon a Janairun 2020. Ko kwabo bai taɓa ba. Ban ce ya yi asara ba, domin ga alama son motar yake yi ba kuɗinta ba, kuma iyalinsa sun amfana. Amma wanda ke cewa da na riƙe da yanzu ni attajiri ne, wa ya ba shi takardar cewa zai kai yanzun? Kuma wa ya ce zai dace da ranar sayarwa? Waɗanda suka saya da tsada a 2006 da 2007 suna zaton farashi ba ya sauka, da tattalin arzikin duniya ya karye a 2008 sun ga yadda darajar motocinsu ta zube. Su ma suna da tasu da-na-sanin, sai dai ta juya baya.

Tambayar da na yi wa 'yan ɗakinmu, wadda har yau ba su amsa ba, ita ce: kuɗin motar, me aka yi da su? Saurari labaran da kyau za ka ji. Wannan an kira shi aikin soja zuwa Biyetnam, wancan zai yi aure, wani matarsa ta haihu kuma mota mai ƙofa biyu ba ta ɗaukar iyali, wani zai biya kafin alƙalamin gida, wani zai koma makaranta. Gidan nan a cikinsa ya tsufa. Jaririn nan shi ne yau yake kai shi asibiti. Yaya mutum zai ci tuwo ya ƙoshi, ya yi shekara hamsin da ƙarfin tuwon, sa'an nan ya zauna yana kukan hatsin da aka daka?

Gaskiya ɗaya ce, ba zan ƙi faɗin inda kukan yake da hujja ba. Akwai wanda ba farashi yake kuka ba. Ƙarar injin yake tunawa, da abokan da suka mutu, da mahaifin da suka kwana tare a ƙarƙashin motar suna ɗaure noti. Wannan kewa ce, kuma kewa ba laifi ba ce. Sai dai ga ma'auni mai sauƙi: da a ce motar yau ba ta kai kuɗin akuya ba, zai yi wannan kukan? In zai yi, ina girmama hawayensa. In ba zai yi ba, to, ba motar yake so ba, kuɗin wani yake ƙirgawa. Akwai kuma wadda aka cuta da gangan, kamar matar da mijinta ya rasu, wani da ya san darajar abin da ke garejinta sarai ya zo da fuskar tausayi ya saye a banza. Wannan zamba ce, kuma kunyar tana kan mai saye. Amma wanda ya sayar a farashin kasuwar ranar, ga mai saye da shi ma bai san gobe ba, ba a cuce shi ba. Ciniki ne ya faɗa, kowa ya tafi yana murna.

Watakila mai karatu ya ce na ɗauki zafi da yawa a kan mutanen da ban sani ba. Haka ne, kuma ga dalili. Ina ƙarami mahaifinmu ya sayar da wani fili da yake da shi a bayan gari, a shekarar da mahaifiyarmu ta yi doguwar jinya. A lokacin wurin gona ne, sai kiyashi da ƙaya. Yau gari ya cim masa, an ja kwalta, an yi shaguna. Duk sa'ad da muka bi ta wurin sai in ji wani daga cikin yayyena ya yi tsaki ya ce, da Baba bai yi gaggawa ba da yanzu mun huta. Shi kuwa tsohon sai ya kau da kai ya yi shiru, kamar wanda aka kama da sata. Alhali matar da aka yi wa magani da kuɗin tana nan da ranta, ita ce ma take zuba wa mai tsakin abinci. Da na ga tsofaffin Amurkan nan suna sunkuyar da kai, fuskar mahaifina na gani.

A ajin nahawu an koya mana cewa kalmar nan "da" mai buɗe irin wannan zance tana gabatar da sharaɗin da bai auku ba, kuma ba zai auku ba. Jimla ce da ake ginawa a kan iska. Shi ya sa Bahaushe ya ce da na sani ƙeya ce, a baya take. Mutane sukan ɗauki karin maganar a matsayin gargaɗi kawai, watau ka yi hattara kafin ka aikata. Ni kuwa ina ganin har da sassauci a cikinta. Ba a halicci mutum da ido a ƙeya ba, ba a kuma ba shi idon ganin shekara hamsin a gaba ba. Abin da ake binsa shi ne ya auna abin da ke gabansa da hankalin da yake da shi a ranar. In ya yi haka, ya fita.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, mu da za mu fita mu tarar da iyaye da suka sayar da gonaki da shanu da filaye don mu zauna a wannan aji: kada mu koma gida da ɗan lissafin da muka koya mu riƙa yi musu bitar asara. Ga tsofaffin Amurka kuwa, in da muryata za ta kai Detroit, sai in ce su share hawaye. Sun hau motocin nan suna sababbi, suna da ƙuruciya, mai yana araha, titi a buɗe. Attajirin da ya biya miliyan uku kuwa ya sami ƙarfe ne kawai, wanda ko fita da shi cikin ruwan sama ba ya iya yi don tsoro. A cikin su biyun, wa ya ci moriyar mota?

Wanda yake da ja a kan abin da na faɗa, fili a buɗe yake a fitowa ta gaba.